Shekarar da Muka Raba Gandun Badafi

Kun sha tambayata dalilin da ya sa muka daina zuwa Badafi da Sallah, ni kuma na sha kawar da zancen. Wani lokaci in ce hanya ce ba kyau, wani lokaci in ce ƙafata. Ƙafar tana ciwo, ba ƙarya na yi muku ba, amma ba ita ta hana mu ba. Na kuma san abin da kuke ji a wurin biki da wurin gaisuwar mutuwa, wai babanku ya ɗauko kwamfuta daga birni ya yanki gonar yayansa ya miƙa wa bare. Na gaji da jin maganar nan, na gaji da yin shiru a kanta, kuma yanzu ba ni da ƙarfin bin mutane gida-gida ina yi musu bayani. Zan rubuta shi sau ɗaya a nan domin ku, sauran jama'a kuwa wanda ya ga dama ya yarda.

Gonar ta kakanmu ce, Malam Idrisu, wanda aka sa mini sunansa. Gandu ne babba a yamma da gari, tudu a sama inda ake dawa da masara, ya gangaro har fadama inda ake shinkafa da damina, a yi tumatir da rani. Da ya rasu ba a raba ba. Haka muke yi a wajenmu, kowa na jin nauyin ya fara buɗe baki ya ce a raba, kada a ce dama jiran mutuwar tsohon yake yi. Sai a ce a bari a yi arba'in, sai a bari a kwashe amfanin gona, sai a bari yara su girma. Kafin yaran su girma wani babba ya sake faɗuwa, nasa rabon da ba a taɓa nuna masa ba ya zama gadon matansa da 'ya'yansa, su ma ba a nuna musu ba. 'Ya'ya mata na gidan da suka yi aure a wasu garuruwa kuwa, ba mai cewa ba su da rabo, Allah ya kiyaye, amma ba mai tashi ya kai su ya ce ga naku. Da kaka dai a ɗora buhu a bayan babur a kai musu, su sa albarka, shi ke nan har wata shekara.

A cikin 'ya'yan Malam Idrisu, lokacin da nake ba ku labari, mutum ɗaya ce ta rage a duniya, Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifinmu da suke uba ɗaya. Tana aure a wani ƙauye a ƙasar Tudun Wada tun ban san kaina ba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin baki, ba ta taɓa kiran sunana ba saboda sunan ubanta ne, sai dai ta ce Babana. Wanda ke riƙe da gandun kuwa shi ne Yaya Habu, babban wanmu. Kun san shi da furfura da ɗaure fuska, ni na san shi tun yana saurayi mai dariya. Shi ya zauna a gida da muka watse. Shi ya haƙa rijiyar fadama, shi ya dasa mangwaron da ke bakinta, kuma shinkafar fadamar nan na ci har na gama karatu na samu aikin rubuta manhajar kwamfuta a Kano. Ban taɓa mantawa da wannan ba, ko da yake an ce na manta.

A shekarar da na ajiye aiki, 'ya'yan baffanninmu da ke birni suka matsa a raba. Wannan yana son ya sayar, wancan yana son ya yi gini, waya ba ta barin Yaya ya ci abinci. Ya je wurin limamin gari, Malam Sani, aka zauna aka jero waɗanda suka mutu tun daga kakanmu, wa ya riga wa, wa ya bar wa. Liman ya duba ya ce wannan gado ne a kan gado a kan gado, abin da malamai ke kira munasaha, kuma tsawonsa ya fi ƙarfin allonsa, sai dai a kai birni. Mutumin kirki ne, bai yi kamar ya iya abin da bai iya ba. Aka kai wani shago a Kano inda aka ce suna da manhajar rabon gado, aka ba su sunaye da faɗin gonar, suka buga takarda suka ba Yaya. Ni ba a neme ni ba sai da aka gama. Ranar wata Juma'a ya kira ni.

"Injiniya, ka zo ka sa mana albarka. Abokan aikinka sun gama, saura kai ka duba ka ce haka ne, bakin mutane ya mutu."

Injiniya yake ce mini in yana cikin nishaɗi, da kuma in yana son ya tsokane ni. Na hau ƙaramar bas zuwa Kiru, na ƙarasa a babur. Muka zauna a zaure bayan La'asar, aka kawo fura, ya miƙo mini takardar yana murmushi. Rabon da in gan shi da sakin fuska haka an daɗe. Na bi sunaye ina saukowa, kowa da faɗin abin da ya samu, har na iso kan Gwaggo Ladi. Abin da aka rubuta mata bai wuce filin da za a yi ɗaki biyu da ɗan tsakar gida ba. Na sake dubawa. Na ce, Yaya, wannan na Gwaggo fa?

"To mece ce? Mace ce ai, kuma ka ga yawanmu. An aika mata ma, ta ce Allah ya sa albarka."

Ba mugunta ce ta sa ya faɗi haka ba, ina so ku riƙe wannan. Duk wanda ya ga takardar nan haka ya ɗauka, har shi liman, har 'ya'yan Gwaggon. Mun saba ganin rabon mace a buhu ɗaya, da aka nuna mana shi a ɗan fili sai ya yi daidai da idonmu. Ni ma da aikin gona na yi a rayuwata da na sa albarka na sha furata. Amma na shafe shekaru ina zama da lambobi, kuma akwai irin ƙanƙantar da in na gani gabana ke faɗuwa. Na ce ya ba ni takardar in je gida in duba a nutse. Ya ce in duba da kyau, amma kada in daɗe, an sa ranar awo bayan an cire masara.

Bari in yi muku bayanin aikin, ko da yake na san a cikinku Hadiza za ta tsallake wannan wurin kamar yadda take tsallake duk abin da ya shafi lissafi. Idan mutum ya mutu, ana kasa dukiyarsa kashi-kashi, a ce kashi takwas ko ashirin da huɗu, kowa ya ɗauki nasa. Idan ɗaya daga cikin magadan ya mutu kafin a raba, nasa kason za a sake kasawa, don haka sai a ninka lambar farko da ta biyu domin kowa ya samu cikakken kashi ba gutsure ba. Mutuwa ta uku a sake ninkawa. Mu kuwa mutuwar da ta bi ta kan gonar nan ta haura ashirin. Da na zauna da safe na rubuta tawa manhajar na zuba sunayen, lambar da aka kasa gandun da ita ta fito da tsawon gurbi goma sha shida. Ba mai iya kiran sunanta da baki. Kuma kafin a gaya wa mutum faɗin filinsa, sai an ninka kasonsa da faɗin gonar gaba ɗaya, lambar ta ƙara tsawo.

To ita kwamfuta ba da goma-goma take ƙirga ba kamar mu masu yatsu goma. Da bibbiyu take ƙirga, sifili da ɗaya kawai. In mai rubuta manhaja bai yi wani tanadi ba, kowace lamba wuri mai gurbin sifili da ɗaya sittin da huɗu ake ba ta ta zauna, wanda a ƙirgenmu na goma-goma bai wuce gurbi ashirin ba. Wuri ne mai faɗi ƙwarai, ya ishe ka ƙirga mutanen duniya da dabbobinsu ka yi ragi, shi ya sa masu aikin ke mantawa yana da iyaka. Amma yana da ita. In lamba ta wuce iyakar nan, kwamfuta ba ta ihu, ba ta tsayawa, sai lambar ta koma sifili ta sake farawa, kamar mitar tsohon babur da ta cika ta juya, ka ga babur ya zaga duniya amma mita na cewa jiya aka saye shi. Maganin abin sananne ne. Sai ka yanka doguwar lambar gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da wurinta, in wannan ta cika ka ɗauki ragowar ka kai ta gaba, yadda aka koya muku ajiye ɗaya a firamare. Lokacin da na fara aiki da hannu muke rubuta wannan, muna zagin wanda ya ƙirƙiro shi. Yanzu akwai shi a shirye, ɗauka kawai za ka yi, in ka tuna kana bukatarsa.

Da na yi lissafin da lambobin da ba a datse musu tsawo ba, rabon Gwaggo Ladi ya fito ya ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu na gandun duka. Na yi zaton ni na yi kuskure, na bi ta wata hanya, ya sake fitowa haka. Da na nutsu kuma sai na ga ba abin mamaki ba ne. Ta gaji ubanta. Ta gaji uwarta. Sannan Baffa Sule, wanda suke ciki ɗaya, ya rasu bai bar ɗa ba, rabin nasa ya koma gare ta. Mu kuwa rabon mahaifinmu ya tarwatse a tsakanin mu goma sha ɗaya da iyayenmu mata. Ita kaɗai ce nata bai tarwatse ba, don haka lambarta ta fi ta kowa girma, kuma ita kaɗai ce ta wuce iyaka. Don in tabbatar, na matse tawa manhajar da gangan na mayar da ita gurbi sittin da huɗu. Sai ga ɗan filin nan na ɗaki biyu ya fito, daidai da na takardar shago, ko taku ɗaya bai bambanta ba. Abin da ya zube daga nata kuwa, manhajarsu ta ɗauke shi a matsayin ragowa ta raba wa maza mafi kusa, wato ni da Yaya da sauran 'yan'uwanmu.

Na daɗe zaune a gaban kwamfutar ban taɓa komai ba. Ba murnar gano kuskure na ji ba, irin wadda nake ji a ofis. Gajiya na ji, tun kafin a fara rigimar. Mahaifiyarku ta shigo da abincin rana ta tarar da ni haka, na gaya mata duka. Ta ajiye kwano ta zauna a bakin gado.

"Malam, yanzu wa ya san wannan ban da kai?"

Na ce babu.

"To ni ba zan ce ka ci haƙƙin tsohuwa ba, wuta ba wasa ba ce. Amma ka san Yaya Habu. Wallahi ba zai ce inji ya yi kuskure ba, cewa zai yi ƙaninsa ya tozarta shi a gaban gari. Ka shirya wa wannan?"

Na ce ban shirya ba. Ta ce to in ci abinci tukuna. Mahaifiyarku ba ta taɓa ba ni shawarar da ta fi wannan gajarta ba, kuma duk abin da ta faɗa sai da ya faru. Na yi kwanaki ina juya abin. Na yi tunanin in yi shiru in ba Gwaggo nawa kason a ɓoye, amma nawa ko kusa da abin da aka rage mata bai kai ba, kuma ba ni kaɗai na ci ba, an zuba wa marayu da ba su san komai ba haram a cikin rabonsu. Na yi tunanin in ce ban gane takardar ba, a nemi wani. To wa za a nema? Ni aka kira in ce haka ne. In na yi shiru na ce haka ne ke nan.

Na koma Badafi ban gaya wa kowa ba, na sami Yaya a fadama yana gyaran bakin rijiya. Na zaɓi in same shi shi kaɗai don kada ya ji a bakin wani. Na yi masa bayani a hankali, har da zancen mitar babur. Ya saurare ni yana goge laka a hannunsa, bai katse ni ba har na gama.

"Wato injin wancan ya yi ƙarya, naka ne mai gaskiya."

Na ce ba nawa ba ne mai gaskiya, Yaya, lissafi ne, kowa ya bi shi a nan zai fito.

"Shekara nawa ina cikin lakar nan? Kana ina? Kana ƙarƙashin fanka kana danna abu. Yau ka zo da farar riga ka ce mini rubu'in gonar nan na Tudun Wada ne. Ita ta ce maka tana so? Ta yi ƙara? Ta sa albarka, Idi, ta sa albarka!"

Na ce ta sa albarka a kan abin da aka gaya mata ne. Na ce ni ma nawa ya ragu. Ya yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, ya ce ni da ban san inda iyakar gonar take ba, me zai dame ni in nawa ya ragu. A nan ya fi ni gaskiya. Daga ranar bai sake ce mini Injiniya ba.

Wurin liman na nufa daga nan. Na san in na nuna masa lamba mai gurbi goma sha shida ba abin da zai gani sai baƙi, kuma ba na son ya yarda da ni don kunya. Su malaman gado suna da nasu ƙirgen tun da can. Suna ɗaukar dukiya duka su kasa ta ashirin da huɗu, kowane kashi su kira shi kiraɗi, in akwai gutsure su sake kasa kiraɗin. Don haka kafin in taho na sa manhajar ta juya rabon kowa daga ƙirgen goma zuwa ƙirgen ashirin da huɗu. Wannan juyin shi ne aikin da na fi yi a rayuwata, daga bibbiyu zuwa goma-goma, daga goma-goma zuwa sha shida-sha shida, ban taɓa zaton zan yi shi don gonar gidanmu ba. Na ce wa Malam Sani ya bar sauran mutane, ya bi na Gwaggo kaɗai, tunda nata mutuwa uku ce kawai. Ya jawo allo ya yi ta rubutu yana sharewa. Can ya ɗago ya dube ni.

"Kiraɗi shida da 'yan kai. Inna lillahi. Malam Idi, mu duka mun ga takardar nan fa, ba wanda ya tsaya."

Na ce ni ma saura kaɗan in wuce. Ya ce to ba makawa sai an tara mutane, kuma shi zai faɗa da bakinsa, kada a bar ni ni kaɗai. Allah ya saka masa, ya cika alkawari, sai dai bai hana a bar ni ni kaɗai ba.

Aka aika aka ɗauko Gwaggo daga Tudun Wada. Aka taru a ƙofar gidan liman da hantsi, maza a tabarma, ita a cikin soro inda take jin komai. Liman ya yi bayani, hayaniya ta tashi. Wani ɗan baffanmu da ya riga ya yi cinikin nasa kason ya miƙe ya ce a kawo inji na uku a raba gardama. Wani ya ce dama 'yan boko ba sa zuwa gida sai da fitina. Yaya yana zaune yana kallon ƙasa. Sai muka ji muryar Gwaggo daga soro tana kirana.

"Babana, matso in ji. Da gaske ne abin da Malam ya faɗa?"

Na durƙusa a bakin ƙofa na ce da gaske ne, Gwaggo.

"To alhamdu lillahi. Ni ba gona ce ta dame ni ba, me zan noma da wannan ƙugun? Amma ranar da aka zo aka ce mini ga abin da na samu a gidan ubana, na kwana uku ban ci tuwo ba. Na ce ashe haka nake a gidan nan. Ban faɗa wa kowa ba, na sa albarka don kada a ce tsohuwa ta yi kwaɗayi."

Sannan ta ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"Habu, ɗana, a auna a nuna mini nawa in gani da idona. In an nuna mini, ka ci gaba da nomanka, ka aiko mini da buhuna kamar kullum."

Da Yaya ya karɓi wannan da yau ba na rubuta muku wannan babi. Amma kun san jinin gidanmu, ku ma kuna da shi, musamman Sadiƙu. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce shi ba ya noman aro a gonar da ya haƙa wa rijiya, a auna a ba kowa nasa. Bayan an cire masara aka zo da igiya. Rubu'in gandu ba ya fita daga tudu kaɗai, dole ya ci fadama, da aka yi ƙuri'a kuma ɓangaren rijiya da mangwaro ya faɗa wa Gwaggo. Na tsaya a wurin har aka kafa turaku, kowane turke kamar a ƙirjina ake buga shi. Gwaggo ta zo a bayan babur ɗin jikanta, aka riƙe ta ta taka iyakar daga farko har ƙarshe, tana tsayawa tana hutawa. Damina ɗaya kawai ta ƙara gani, Allah ya yi mata rasuwa. 'Ya'yanta ba manoman Badafi ba ne, kuma Yaya ya ƙi ko sallama da su, balle ciniki. Suka sayar wa wani mai kuɗi daga Bebeji, ya kewaye wurin da waya. Baren da kuke ji ana cewa na ba gona ke nan.

Daga nan zumunci ya zama na dole. In an yi mutuwa in je, mu haɗu a maƙabarta, in gaishe shi ya amsa da ka. In na aika da kayan Sallah a dawo da su a ce an gode. Shekarar da na kai ku, ku kuna ƙanana ba ku lura ba, an bar mu a zaure har abincin da aka kawo ya huce ba wanda ya fito. Ban sake kai ku ba, don ba na son ku girma kuna ƙin 'yan'uwanku. Mutane suna zaton wanda ke da gaskiya yana samun sauƙi a zuciyarsa. Ni ban samu ba. Na sha buɗe manhajar nan ina sake bin ta, ina fatan in tarar ni ne na yi kuskure in je in ba shi haƙuri, amma kullum abu ɗaya take ba ni. Har na tsani ganin doguwar lamba, ni da na ci abinci da ita.

Shekaru suka tafi a haka har ciwon Yaya ya tsananta aka kwantar da shi a asibiti. Ban jira a kira ni ba, na je, na shirya wa a kore ni. Na tarar ya rame ƙwarai, babban ɗansa na zaune a gefe. Na gaishe shi, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa ɗan ya ba mu wuri.

"Ka zo."

Na ce na zo, Yaya. Ya jiki?

"Jiki ga shi nan. Zauna, magana zan yi maka, kada ka katse ni da bayaninka." Ya numfasa. "Ba wai na huce ba ne, kada ka ɗauka haka. Har gobe in na tuna rijiyar nan raina ɓaci yake. Amma ina da 'ya'ya mata shida, kuma na san 'yan'uwansu maza, ni na haife su. In na mutu, kada a yi arba'in ba a raba ba. Kuma kada ka bar kowa ya yi lissafin sai kai."

Na ce to, Yaya. Ya ce in kira masa yaron ya gyara masa matashi, na fita na kira shi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Bayan rasuwarsa na yi yadda ya ce. Lissafin bai da wuya, mutuwa ɗaya ce, liman ma ya yi shi a allo muka gwada ya zo daidai. Na tsaya aka ja igiya, aka kira 'yan matan ɗaya bayan ɗaya, har wadda ke aure a Doguwa, kowacce ta taka nata da ƙafarta. 'Yan'uwansu maza sun tsaya daga nesa, kuma har yau ba su zo sun gaishe ni ba. Ku dai in kun haɗu da su ku fara yi musu sallama, ubansu ne ya ciyar da naku.